Gyaran Murya da Ƙafarsa ta Dama

Har yau in ana so a tsokani Gyaran Murya ba a wahala, tambayarsa kawai ake yi ko zannuwan otal sun bushe. Sai ya ture hula gaba ya sosa ƙeya, ya ce, "Ku dai ba ku iya mantuwa ba."

Wata rana ce da yamma. Mai Wanki, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan Gyaran Murya, ya shanya fararen zannuwan gado na wani otal da ya daɗe yana zawarcin aikinsa. Ya sa musu bula, sun yi fes suna kaɗawa a igiya. Sai ga Gyaran Murya ya shigo layin da sabuwar a-kori-kurarsa, ya juyo da baya zuwa bakin ƙofarsa kamar kullum, bututun hayaƙinta na kallon igiyar shanya. Ya ja birkin hannu. Sannan ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi rabin mutanen layin: ya taka totur sau ɗaya da ƙarfi kafin ya kashe.

Maimakon rugugin da aka sani, sai motar ta yi wani fito mai tsini kamar buta ta tafasa, ta tofo hayaƙi shuɗi mai maiƙo har ba ka ganin katanga. Da hayaƙin ya washe, zannuwan sun koma kalar tsumman goge tukunya. Mai Wanki na tsaye da dutsen guga a hannu, ya dubi igiya, ya dubi mota.

"Maƙwabci," ya ce a hankali, "yau kam ba gyaran murya ta yi ba. Kaki ta yi."

Daga wannan takun totur ɗin sunan ya samo asali. Tun yana saurayi, direban da ya koya masa tuƙi ya ja masa kunne cewa ba a kashe mota haka kawai kamar an hure fitila. A taka mata sau ɗaya, mai ya cika kafireto, wato inda ake haɗa mai da iska, gobe da safe ta tashi ba gardama. Tsohon direban ya daɗe da rasuwa, motocin da ke da kafireto ma sun kusa ƙarewa a titi, amma ƙafar almajirin tuƙinsa ba ta samu labari ba. Ya tuƙa babbar mota yana takawa, ya tuƙa bas yana takawa. Da ya samu tasa ta kansa, wata a-kori-kura mai ƙofa ɗaure da waya wadda kowa ke kira Tsohuwa, ya ci gaba da takawa, har mutanen layin suka ce motar ba ta shiga gida sai ta yi gyaran murya.

Da tafiya ta yi tafiya, wannan ƙara ta zama agogon layin. Mai shago in ya ji ta ya san lokacin kunna fitilar waje ya yi. Yara masu ƙwallo sun san za a fara kiran su gida. Mai ɗakinsa kuwa, ko tana can ƙuryar kicin, da ta ji sai ta fito ta zare sakata, ta koma ta sauke tukunya. Kafin ya kulle mota ya shigo ta ajiye masa abinci ta koma wanke-wanke, kafin ta gama wanke-wanke shi kuma ya yi barci a kan tabarma da rediyo a ƙirji. Haka suka tarbiyyantar da 'ya'ya suka aurar, ba faɗa, ba kuma wata doguwar hira.

Sana'arsa dakon ƙwai. Da sassafe yake zuwa gonar kaji da ke bayan gari, a jera masa kiret-kiret, ya bi shaguna da gidajen burodi yana saukewa. Wanda ya taɓa bin bayansa a titi ya san haƙuri. In ya hango rami, tun daga nesa yake rage gudu, ya shiga da taya ɗaya, ya fito, ya shiga da ɗayar, kamar mai tsallake jariri a kwance. Masu keke suna wuce shi su ɗaga masa hannu. Shi dai abin alfaharinsa ɗaya ne, mai gona bai taɓa kiran sa a kan fasasshen ƙwai ba.

Da Tsohuwa ta gaji, ta fara kwana a gareji fiye da yadda take kwana a gida, sai ya yi shahada. Ya sayar da ita, ya haɗa da filin da ya gada, ya je kamfani ya ɗauko sabuwa dal, mai shan dizal, kujerunta da leda. Abin da ya fi burge shi a cinikin kalma ɗaya ce: garanti. An ce masa in wani abu ya lalace a cikin wa'adi, kamfani zai gyara kyauta, muddin ba shi ya jawo ba, kuma muddin ba a bar wani bakanike na waje ya taɓa injin ba. Ya riƙe kalmar nan kamar alewa a baki. In an ce masa, "Mota ta yi kyau," sai ya ce, "Ai da garantinta." Ko an tambaye shi lafiyar iyali, da ƙyar yake hana kansa.

To ga shi yanzu mai garanti ta yi kaki a kan zannuwan mutane.

Shi da mai ɗakinsa suka taya Mai Wanki sake wanki, ita tana cuɗawa shi yana ɗebo ruwa, otal bai ma san an yi ba. Amma da safe da ya tayar da motar, fiton nan na nan, hayaƙi na nan, kuma ƙarfinta ya tafi. Yana takawa tana nishi kamar an ɗaure mata ƙafa. Sai ya aika aka kira Sifana.

Sifana ƙanin mai ɗakinsa ne, bakanike ne kuma, kuma shi ya yi jinyar Tsohuwa har ƙarshenta. Tun da aka sayi sabuwar yake cika yana batsewa, don an hana shi ko duba mata mai. Ya iso da rigar aikinsa da ta daɗe da manta kalarta, ya tsaya nesa da motar, ya maida hannuwansa baya ya harɗe.

"Mijin Yaya, buɗe da kanka. Ni dubiya na zo, kar in taɓa garanti ya zube."

Gyaran Murya ya ɗaga murfin inji ya tayar. Sifana ya sunkuya, hannu a baya, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin gulma ta taga. Ya shaƙi hayaƙin. Ya nuna wani abu mai kama da dodon koɗi a gefen injin, da leɓe ya nuna, ba da yatsa ba.

"Turbo ce. Ta tafi."

"Mece ce kuma turbo?"

"Ita ke hura wa injin iska ya yi ƙarfi. Tsohuwa ba ta da ita, shi ya sa ba ka san ta ba. Kuɗinta kuwa, kar ma in faɗa maka ba ka karya ba." Ya miƙe, ya dube shi sama da ƙasa. "Tsaya. Wannan ma kana yi mata abin nan naka?"

"Wane abu?"

"Gyaran murya."

"To da fa? Kishiyar uwa ce ni da zan bambanta su?"

Sifana ya saki hannuwansa ya dafe kai. Ya ce shi ma da can yana koya wa mutane haka, amma masu turbo ba sa so, kashe su yake yi. Ya ja shi gefe, ya rage murya duk da ba kowa a wurin sai kaji.

"Ka ji ni da kyau. In ka je kamfani, kai ba ka san komai ba. Kana tafiya ta yi fito, shi ke nan. In suka ji kana taka mata kafin ka kashe, za su ce kai ka jawo, garanti ya tashi. Ba ƙarya na ce ka yi ba, bakinka na ce ka tsuke."

Gyaran Murya ya yi lissafin abin da ke gabansa. Mai gona ya riga ya gaya masa a waya cewa zai yi hayar wata mota na ɗan lokaci saboda mutunci, amma shaguna ba sa jira, in abin ya ja dole ya ba wani hanyar. Fili kuma an sayar, Tsohuwa ta zama ta wani. In kamfani ya ƙi, sabuwar mota za ta zauna a ƙofar gida kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashinta, shi kuma ya zauna kusa da ita.

Mai ɗakinsa ta leƙo daga ƙofa. "Malam, me yake kitsa maka?"

"Yaya, ceton ku nake yi," in ji Sifana.

"Kai da ka ceci Tsohuwa har ta mutu."

Washegari suka kama hanyar kamfani, Sifana a gefe. Motar na tafiya da ƙyar, hayaƙi na bin su kamar mai bin bashi. Duk tsawon hanya Sifana bita yake yi masa.

"In an ce yaya aka yi?"

"Ina tafiya ta yi fito."

"In an ce yaya kake kashe ta?"

"Kamar kowa."

"Madalla. Ashe kana da ƙwaƙwalwa, Yaya ce ke ɓoye mana."

Garejin kamfanin ba irin wanda suka saba ba ne. Daɓen ƙasa fes, ba ɗigon baƙin mai, kowane sifana rataye a inda aka zana hotonsa a bango. Sifana ya ƙare wa wurin kallo ya ce shi bai yarda da garejin da za a iya cin abinci a ƙasansa ba. Wata mata ta fito daga ofis da farar rigar aiki, ba ta wuce sa'ar 'yar Gyaran Murya ta biyu ba. Ita ce injiniyar da ke duba motocin garanti. Ta yi masa nuni da hannu ya juyo da baya ya shiga tsakanin layuka biyu masu ruwan ɗorawa, ta koma bayan motar tana duba kalar hayaƙin.

Ya shiga tsaf, ko mai ƙwai a kai ba zai fi shi natsuwa ba. Ya ja birkin hannu. Bakinsa na ta maimaita "kamar kowa, kamar kowa." Hannunsa ya kai kan makulli.

Ƙafarsa ta dama kuwa, da yake ba da ita aka yi bitar ba, ta taka totur har ƙasa.

Fiton ya cika garejin. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya lafa, sai ga Injiniya tsaye, farar rigarta ta bi sahun zannuwan otal, tana tari tana kaɗa hannu a gaban fuska. Ma'aikata sun daina aiki. Sifana ya zame a kujera har kansa ya ɓace daga gilashi.

Gyaran Murya ya fito, ya cire hula. "'Yata, ki yi haƙuri. Ina da maƙwabci mai wanki."

Ta goge ido da bayan hannu. Ga mamakinsa, dariya take ƙoƙarin dannewa. "Baba, haka kake kashe ta kullum?"

Ya waiwaya. Sifana ya ɗago kai kaɗan yana girgiza shi, yana zare ido. Amsar da aka koya masa na nan a kan harshensa, gajeriya, ba nauyi. Ya dubi rigar yarinyar nan da ya ɓata, ya dubi ƙafarsa. Mutumin da bai taɓa ɓoye fasasshen ƙwai a ƙasan kiret ba, yau zai fara da furfura?

"Tun kafin a haife ki," ya ce.

Daga cikin mota aka ji Sifana ya ce, "Shi ke nan."

Injiniya ta kai shi wani tebur, ta ɗauko wata tsohuwar turbo da aka tsaga biyu. Ta nuna masa 'yar fanka a ciki, ba ta fi murfin kwalba girma da yawa ba. Ta ce ya hura. Ya hura, fankar ta juya, ta daɗe tana juyawa.

"Ka gani, Baba? Hayaƙin inji ne ke juya ta, gudun da ido ba ya gani, ga zafi kamar garwashi. Abin da ke hana ta cin kanta baƙin mai ne, kuma inji ne ke turo mata shi. In ka taka totur ka zuga ta ke nan. In ka kashe a lokacin, mai ya tsaya, ita kuwa tana kan gudu, a bushe. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ta gaji."

Ya daɗe yana kallon 'yar fankar. Abin da ya dame shi a lokacin ba garanti ba ne. "Ni fa a zatona kyautata mata nake yi," ya ce. "Ashe kullum sai na sa ta gudu sannan in ɗauke mata ruwa."

"Ranar da ka ɗauki motar, wa ya ba ka makulli?"

"Wani yaro mai ƙamshin turare."

"Ya gaya maka in ka dawo daga tafiya ka bar ta a silo, tana aiki a hankali, ta huce kafin ka kashe?"

"Ya nuna mini rediyo. Ya nuna mini inda ake ajiye kofi. Ya ce kujera tana kwanciya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce masa ba za ta yi masa alkawari ba, don ba ita ke yanke hukunci ba, manya ne a sama. Za ta gaya musu abin da ta gani da idonta, da abin da ya faɗa da bakinsa, da kuma abin da ba a gaya masa ba ranar sayarwa. Ya bar motar ya je gida, za a kira shi.

A hanyar komawa cikin motar haya, da suka kusa sauka, Sifana ya juyo ya dube shi. "Na yi bita da baki," ya ce, "na manta ƙafa."

Kwanakin jiran nan sun yi masa tsawo. Mutumin da ya saba fita kafin gari ya waye, sai ga shi a tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba. Ya sa wa ƙyaure mai, ya kwance rediyo ya ɗaura, wata ƙusa ta yi saura. Wayarsa na aljihun gaba, yana taɓa ta kamar mai ciwon ƙirji. Layin ma ya rikice. Mai shago ya bar waje da duhu, yara suka yi ta ƙwallo har sai da iyaye suka fito da kansu. Mai gona ya kira sau ɗaya, ya yi gaisuwa mai tsawo, irin gaisuwar da ke da magana a bayanta.

"Da ka yi shiru, Malam?" mai ɗakinsa ta tambaye shi wata rana tana tsince shinkafa.

"Da na yi shiru da ƙafata ta ƙaryata ni. Ta riga ni magana."

"Ko ba ta riga ka ba, ba za ka iya ba. Na san abin da na aura."

Ya ɗago ya dube ta. Rabon da ya ji ta faɗi wani abu game da shi kansa, ba game da cefane ko yara ba, har ya manta.

Kiran ya zo yana tsugune yana neman inda ƙusar nan ta fito. Injiniya ce. Ta ce manya sun yi ta ja, wasu na cewa laifin mai mota ne ƙarara. Ita kuma ta ce musu mutumin da ya amsa laifinsa a gaban kowa ba zai yi ƙarya a kan abin da ba a gaya masa ba. An yarda za a sa sabuwar turbo a garanti, sau ɗaya tak. In ta sake ƙonewa ta wannan hanya, shi da aljihunsa. Ta ƙara da cewa yanzu duk wanda zai ɗauki mota sai an zaunar da shi an yi masa bayanin silo kafin a kai ga rediyo.

"Rigar fa, 'yata?"

"Ta fita, Baba. Da ƙyar."

Ya koma dakon ƙwai kafin mai gona ya kai ga maganar da ke bayan gaisuwarsa. Sai dai ƙafar da ta shekara da shekaru tana abu ɗaya ba ta jin wa'azi. Ranar farko da ya dawo gida ya ji tana ɗagawa da kanta, ya cafke gwiwarsa da hannu biyu. Daga ranar ya samo dabara. Da ya ja birkin hannu sai ya cire takalmin dama, ya naɗe ƙafar ya zauna a kanta, ya bar injin yana numfashi a hankali har ya huce.

Matsalar ita ce, ba ƙarar da za ta kai kicin. Ranar farko ya daɗe a waje sakata na kulle. Rana ta biyu mai ɗakinsa ta riƙa leƙowa tana duba ko ya iso. Rana ta uku ta fito ta same shi zaune a kan ƙafarsa kamar mai jiran aski, ta yi dariya har ta dafa ƙofar motar.

"Har yaushe za ka zauna haka?"

"Sai ta huce."

Ta koma ciki ta ɗebo masa ruwa a kofi, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga ta zauna, wai tana so ta ga inda aka ce ana ajiye kofin. Tun daga ranar, kusan kullum in ka bi ta layin da yamma za ka gan su a gaban mota, gilashi a sauke, tana ba shi labarin wunin gida yana ba ta na hanya. Injiniya ɗan lokaci kaɗan ta ce a bar motar. Su kam wani lokaci har sai tukunya ta fara kamawa.

Sifana da Mai Wanki ba su bar wannan ya wuce ba. Wata yamma suna zaune a bencin shagon wanki, suka jira har ya kashe motar shiru, ya lalubo takalminsa ya fito yana ɗingishi don ƙafar ta yi sanyi.

"Maƙwabci, sai mu canja maka suna," in ji Mai Wanki. "Murya ta dishe."

"Bar shi," in ji Sifana. "Turbo guda ya ƙona, ya shafe zannuwan otal, ya shafe injiniya, duk don a koya masa zama a kan ƙafa. Mijin Yaya, ba ka jin kunya?"

Gyaran Murya ya dubi ƙofar gida, inda mai ɗakinsa ke shiga da kofi a hannu. Ya ture hula gaba ya sosa ƙeya.

"Tun ina da baƙin gashi nake sanar da yayarka na dawo, ta zare sakata ta koma ciki," ya ce. "Yanzu da na yi shiru, da ƙafarta take fitowa ta zauna kusa da ni. Da na san haka ne, ai da tuni na ƙona turbo."